Na raba suwic gida huɗu, kwamfutocin ɗakin jarrabawa sun ƙi samun IP

Bazazzage_IT: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masana harkar netwok ku kawo ɗauki, tun jiya kaina ya ɗau zafi. Ina kula da kwamfutocin wata makarantar kuɗi. Da can komai a cakuɗe yake a layin adireshi ɗaya, 192.168.0.x: ofishin kuɗi, ɗakin jarrabawa mai kwamfuta 40, kyamarori 8 da na'urar da ke naɗar hotonsu, da Wi-Fi ɗin malamai. Makon jiya na tsinci wani yaro ɗan SS2 a kujerar ƙarshe ta ɗakin jarrabawa, ya dinga gwada lambobi a burauza har ya faɗa shafin kyamara, yana zaune abinsa yana kallon ƙofar ofishin shugaba. Da mai makaranta ya ji, sai ya sayo suwic mai ƙofa 24 irin wanda ake shiga a saita, ya ce a raba kowa da kowa. Na buɗe VLAN, wato raba suwic ɗaya gida-gida: 10 na ofis, 20 na jarrabawa, 30 na kyamara, 40 na Wi-Fi. Ƙofa 5 da 6, inda ƙananan suwic biyu na ɗakin jarrabawa suke shigowa, na sa su a VLAN 20 na zaɓi Untagged, na cire su daga VLAN 1. Tun daga nan duk kwamfutocin ɗakin suka koma 169.254. Rauta tana ƙofa 24. Ina na kuskure? Ran Litinin akwai gwaji.

MaiKebul: Wa alaikumus salam. Ka taɓa PVID kuwa? Yawancin irin waɗannan suwic ɗin da ake saitawa ta burauza wuri biyu ne aikin. Shafin da ka zaɓi Untagged yana maganar abin da zai fita daga ƙofar zuwa kwamfuta ne kawai. Abin da kwamfuta ta turo ya shigo, PVID ne ke cewa wane VLAN za a jefa shi. In ka bar shi a 1, saƙon yaranka yana shiga VLAN 1, amsa ta juyo ta tarar ka cire ƙofar daga 1, ta rasa mafita. Je ka mai da PVID na 5 da 6 zuwa 20.

Bazazzage_IT: Wallahi a 1 suke. Na gyara yanzu, na zare kebul na mayar. Har yanzu 169.254.

InjiniyaBK: To ai dole. Gyaran MaiKebul daidai ne, amma rabin ciwon ya taɓa. Wannan 169.254 lamba ce da kwamfuta ke laƙaba wa kanta idan ta yi kiran DHCP, wato mai rabon adireshi, ba wanda ya amsa. Shi kuma kiran DHCP shela ce, kwamfuta ba ta san wa take nema ba, ɗaga murya take yi kowa ya ji. Babban aikin VLAN kuwa shi ne hana shela tsallake katanga. Ka gina katanga tsakanin yara da mai rabon adireshi, ka bar rauta a VLAN 1 ita kaɗai, wa zai amsa musu? Kowane VLAN yana buƙatar nasa layin adireshi, nasa DHCP, da tasa ƙofar fita. Wace irin rauta ce a ƙofa 24 ɗin?

Bazazzage_IT: Irin ƙaramar nan ce ta kamfanin waya, mai layin SIM, mai eriya biyu.

InjiniyaBK: Nan gizo ke saƙar. Akasarin waɗannan ba su san tambarin VLAN ba, layi ɗaya suka iya. Ko ka mai da ƙofa 24 Tagged, saƙon zai iso mata da tambari ta watsar. Sai ka samo rautar da ta iya 802.1Q, wato ƙa'idar tambarin VLAN, ka sa a tsakani, ko kuma in suwic ɗin naka mai Layer 3 ne, wato mai iya aikin rauta, ya yi aikin da kansa. Duba kwalinsa.

Yar_Katsina: Ina bin ku a hankali, ni ɗaliba ce. Don Allah wani ya fayyace min Tagged da Untagged ɗin nan da Hausa, kullum a nan nake ruɗewa.

Tsohon_Kafe: 'Yata, kin taɓa ganin ana lodin buhuna a Dawanau? Mota ɗaya, kayan mutum biyar. Kafin buhu ya hau, sai a sa fenti a rubuta alamar mai shi, don in an isa a san na wa da na wa. To motar nan ita ce kebul ɗin da ke tsakanin suwic da rauta, ko suwic da suwic, wanda 'yan Cisco ke kira trunk. Duk abin da zai hau shi da alamarsa. Amma in buhu ya iso shagon mai shi ba ruwansa da fenti, ya san kayansa ne. Wannan ita ce ƙofar da kwamfuta ko firinta take, Untagged, suwic yana goge alamar kafin ya miƙa. PVID kuma shi ne yaron da ke tsaye bakin shago da gwangwanin fenti, duk buhun da ya fito ba alama ya shafa masa ta shagon.

Yar_Katsina: Allah ya saka da alheri Baba, yau dai ta zauna.

Sadiq_CCNA: Ƙari a kan bayanin Baba. Tambarin bayit 4 ne ake cusawa bayan adireshin MAC na mai aikawa, shi ya sa firam, wato ƙunshin saƙon, ke tashi daga 1518 zuwa 1522. Bayit biyun farko 0x8100 ne, alamar cewa akwai tambari. A cikin sauran, bit 12 ne lambar VLAN, wato 4096, a cire 0 da 4095 da aka keɓe, saura 4094. Akwai bit 3 na fifiko, su ake amfani da su a gabatar da murya a kan sauran kaya. IEEE ta fitar da ƙa'idar a 1998, kafin nan Cisco na da nata mai suna ISL wanda yanzu an bar shi. Kuma a suwic ɗin Cisco kar ka taɓa 1002 zuwa 1005, an ajiye su tun zamanin Token Ring da FDDI.

MaiKebul: Malam Sadiq, mutum gidansa na cin wuta kai kana karanta masa tarihin ashana.

Sadiq_CCNA: Ɗaliba ce ta yi tambaya ai, ba shi kaɗai ke karatu a nan ba.

Dan_Maradi: Salamu alaikum. Ni dai ina da ja. Mu nan na ga wurare da yawa an sa VLAN, wanda ya saita ya tafi Yamai ko ya canza aiki, ran da abu ya lalace ba mai iya taɓawa. Ɗakin jarrabawa yana buƙatar intanet ne? In sabar jarrabawar, wato kwamfutar da ke riƙe da tambayoyin, tana cikin ɗakin, zare kebul ɗin da ya haɗa su da sauran makaranta, ka ba su wata tsohuwar rauta ta dinga raba musu adireshi, shi ke nan. Rezo biyu, wato netwok biyu, ba mai ganin wani. Ko an ɗauke kuran, wato wuta, an dawo ba abin da zai ɓace. Kebul ɗin da ba a jona ba, babu yaron da zai bi ta cikinsa.

Bazazzage_IT: Sabar tana ɗakin, amma ranakun da ba jarrabawa ana koyar da su da intanet. Kuma kyamara biyu suna cikin ɗakin, kebul ɗinsu ta nan ya bi.

InjiniyaBK: Shawarar Dan_Maradi ba ta banza ba ce, in Litinin ta matso ba ka samu rauta ba, ita za ka bi ka tsira da mutuncinka. Amma gini huɗu, kebul huɗu, rauta huɗu, ran da aka ƙara sashe na biyar fa? Dalilin da ya sa aka ƙirƙiro abin ke nan tun farko.

Ummu_Hanif: Tsaya, kyamarori biyun nan da ka ce suna ɗakin jarrabawa, a ƙananan suwic ɗin ɗakin ka jona su? In haka ne suna VLAN 20 tare da yaran, ko ka so ko ka ƙi. Ƙaramin suwic marar saiti bai san raba kowa ba, duk abin da ke bayansa na VLAN ɗin ƙofar da ya shigo ne. Ba laifi ba ne a sa shi a bayan ƙofa Untagged, yana aiki lafiya, amma gida ɗaya ne duka. Sai ka ja wa kyamarorin nasu kebul har babban suwic, in dai bai wuce mita 100 ba.

Bazazzage_IT: Kash. A nan suke kuwa Hajiya. Gobe zan ja musu.

Ummu_Hanif: Sannan tun kafin ka ci gaba, ware ƙofa ɗaya ka bar ta yadda take, ka manna mata salatif ka rubuta kar a taɓa. Ni abin da ya same ni a wani asibiti da na yi wa aiki: ina zaune da laftof a ƙofa 2, na zaɓi ƙofofi 1 zuwa 12 gaba ɗaya na tura su VLAN ɗin ma'aikata na danna Apply. Shafin ya tsaya cak. Na yanke reshen da nake kai. Suwic ɗin ba shi da ramin kwansol, sauran ƙofofin duk na riga na rabar, sai da na nemo allurar hijabi na danna ɗan ramin riset, aikin awa uku ya tafi. Ga mai gadi yana ta leƙowa yana tambaya ko zai kulle.

MaiKebul: Hajiya da ba ki danna Save ba ai da kashewa da kunnawa kawai ya ishe ki.

Ummu_Hanif: Wancan yana ajiyewa ne da kansa da zarar ka danna Apply. Ba duka suke ɗaya ba. Wani kuma in ba ka shiga ka danna Save Config ba, ana ɗauke wuta ya manta da kai. Bazazzage, ka duba naka wane iri ne.

Network_Gombe: Tunda ana tone-tone, ga nawa. A Cisco ne, ina aiki daga nesa, ina so in ƙara VLAN 50 a trunk. Na rubuta switchport trunk allowed vlan 50 na danna Enter. Kalma ɗaya na manta, add. Umarnin ba ƙari yake ba, maye gurbin jerin gaba ɗaya yake, sai ya zama 50 kaɗai ke wucewa, har da VLAN ɗin da nake shiga ta cikinsa ya fita. Laifina ne, ba na na'ura ba. Sai da na hau mota. Tun ranar, kafin in taɓa trunk daga nesa sai na rubuta reload in 10, in na kulle kaina suwic ya sake tashi da tsohon saiti bayan minti goma, in komai lafiya in rubuta reload cancel sannan write memory.

Sadiq_CCNA: Wannan kuskuren kusan kowa sai ya yi shi sau ɗaya. Yar_Katsina, ki sauke Packet Tracer, manhajar gwada haɗa netwok a kwamfuta, kyauta ne in kin yi rajista a Cisco Networking Academy, ki yi kuskurenki a can inda ba mai kiranki a waya.

Abu_Fadila: Ni tambayata daban. Duk wannan wahalar, VLAN tsaro ne da gaske? Na ji ana cewa ana tsallake shi.

Sadiq_CCNA: Ana yi, hanya biyu aka fi sani. Ɗaya, a Cisco in ka bar ƙofa tana sasantawa da kanta ta DTP, mutum zai iya sa kwamfutarsa ta yi kamar suwic ce, ƙofar ta zama trunk ya ga komai. Maganinsa switchport mode access, a trunk kuma switchport nonegotiate. Ta biyu tambari biyu: in maharin yana VLAN ɗin da yake native a trunk, wato wanda ke wucewa ba tambari, sai ya liƙa tambari biyu, suwic na farko ya cire na waje, na biyu ya karanta na ciki ya kai saƙon inda bai kamata ba. Tafiya ce ba dawowa, amma dai ta isa. Shi ya sa ake cewa kar a zuba mutane a VLAN 1, kuma native ya zama lambar da ba kowa a ciki.

Tsohon_Kafe: Ku dai kuna ta maganar ɓarawon da zai haura katanga, alhali ƙofar gidan a buɗe take. Yaron nan da me ya shiga shafin kyamara? Bazazzage, faɗi gaskiya.

Bazazzage_IT: Baba, admin ne sunan, kalmar sirrin kuma wadda mai sa kyamarar ya bari, lambobi a jere. Na canza tun ranar.

Tsohon_Kafe: To ka gani. Da an canza tun farko da mai makaranta bai kashe kuɗinsa ba.

InjiniyaBK: A'a Baba, a nan ban bi ka ba. Ko da kalmar sirri mai ƙarfi, me ya kai kwamfutar ɗalibi ga ganin kwamfutar mai karɓar kuɗin makaranta? Kuma kyamarorin nan da yawa ba a sabunta manhajarsu, shekara da shekaru. Biyun ake yi, a kulle ƙofa kuma a yi katanga.

Bazazzage_IT: Sabon bayani. Suwic ɗin Layer 2 ne, bai iya aikin rauta ba. Amma wani abokina ya ara min rauta MikroTik hEX, mai ƙofa biyar. Na shiga da Winbox, manhajar saita ta, ina ganin 192.168.88.1. Daga ina zan fara?

InjiniyaBK: Madalla. Rautar SIM ta shiga ether1. Zauna a ether3 da laftof ɗinka, kuma danna Safe Mode a saman Winbox, in ka katse kanka zai janye abin da ka yi. Cire ether2 daga bridge, ita za ta zama motar buhunan Baba. A Interfaces buɗe VLAN huɗu a kan ether2, lamba 10, 20, 30, 40. Ba kowanne adireshi: 192.168.10.1/24, 192.168.20.1/24, haka har 40. Daidaita lambar VLAN da ta adireshi ba dole ba ne, amma ran da kake neman matsala da tsakar dare za ka gode wa kanka. Sai IP, DHCP Server, DHCP Setup, ka yi wa kowanne. A suwic kuma ƙofa 24 ta zama Tagged a duka huɗun, kebul daga 24 zuwa ether2. Na'urar naɗar hoto ta zauna VLAN 30 tare da kyamarorinta, sabar jarrabawa ta zauna 20 tare da yara, don kada wannan nauyin ya dinga bi ta rauta a banza.

Bazazzage_IT: Alhamdulillah! 192.168.20.254 ta fito a kwamfutar farko. Amma shafuka ba sa buɗewa. Ping, wato ƙwanƙwasa adireshi a ga ko zai amsa, zuwa 8.8.8.8 yana tafiya, google.com ba ya tafiya.

Network_Gombe: DNS ne, mai fassara suna irin google.com zuwa lambar adireshi. Saitin da MikroTik ke zuwa da shi yana toshe duk mai neman rautar kanta in ba ya cikin jerin LAN. Sababbin VLAN ɗinka ba sa ciki. Je Interfaces, Interface List, ka ƙara su. Ko ka buɗe musu 53, lambar da DNS ke bi, kaɗai, wanda ya fi, don yara ba su da abin yi a shafin rauta.

Bazazzage_IT: Ya yi. Amma ga wani abin haushi: daga ɗakin jarrabawa na yi ping ɗin kwamfutar ofis, 192.168.10.253, ta amsa. To me na raba ke nan?

Dan_Maradi: Ka ji ko. Kwana biyu ana gini, an dawo inda aka taso.

InjiniyaBK: Ba a dawo ba. Suwic ya raba, rauta ce ta haɗa, don aikinta ke nan, duk layin da ta sani sai ta sada shi da ɗan'uwansa in ba ka hana ta ba. Bambancin shi ne yanzu zaure ɗaya kowa ke bi, kai ne kuma mai gadin zauren. A Firewall, sarƙar forward, ƙasa da dokar da ke karɓar established da related, sa doka: daga 192.168.20.0/24 zuwa 192.168.0.0/16, drop. Yi wa 40 haka. Kyamara kuma hana su zuwa ko'ina, sai dai in mai makaranta na kallo a wayarsa daga gida, to ka bar na'urar naɗar kaɗai ta fita. Ofis ka bar shi ya isa 30. Tunda amsa tana bin dokar established, za ta dawo ba matsala.

MaiKebul: Kar ka manta sabar jarrabawa da kyamarori in adireshin hannu aka sa musu, suna nan a 192.168.0 ɗinsu na da. Sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Kuma gajeriyar hanyar da ke kan fuskar kwamfutocin yara tana nuna tsohon adireshin sabar.

Bazazzage_IT: Wannan ta sabar da ba ka faɗa ba da Litinin na sha kunya. Kwamfuta 40 na bi da ƙafa. Yanzu saura firinta. Tana ofis, malamai sun saba turo takarda daga waya ta Wi-Fi, yanzu wayoyin sun daina ganinta, har wata malama ta biyo ni da takardar tambayoyinta.

Sadiq_CCNA: Wayoyi da mDNS suke gano firinta, saƙo ne zuwa 224.0.0.251 a 5353, kuma ba ya ƙetare rauta. Ko ka sa mai maimaita mDNS tsakanin 10 da 40, ko ka ba firintar tsayayyen adireshi, ka buɗe mata hanya ita kaɗai a Firewall, a dinga sa adireshin da hannu.

Ummu_Hanif: Ko ka ɗauke firintar ka mai da ita VLAN 40 wurin malamai, ofis ya dinga iso ta da adireshi. Kwamfutocin ofis uku ne ko huɗu, saita su sau ɗaya ya fi bin wayar kowane malami.

Abu_Fadila: Amma takardun kuɗi za su dinga fita a firintar da ke layin Wi-Fi? Ni ban kwanta da wannan ba. Kalmar sirrin Wi-Fi ɗin malamai ai rabin ɗalibai sun san ta.

Tsohon_Kafe: A sayi firinta ta biyu a huta.

Bazazzage_IT: Baba, wanda ya sayi suwic jiya ba zan tunkare shi da maganar firinta yau ba. An yi gwajin Litinin lafiya, ba kwamfutar da ta faɗi, na gwada shafin kyamara daga kujerar yaron nan bai buɗe ba. Firinta na bar ta a ofis tukuna, malamai na kawo filashi. Shi suwic ɗin kansa har yanzu adireshinsa na VLAN 1, ta ƙofar da Hajiya ta ce in manna wa salatif nake shiga. Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.

Sadiq_CCNA: Ka fitar da shi daga 1, ka buɗe masa VLAN 99 na kula da na'urori.

MaiKebul: Bar shi haka, tunda ba kowa a 1 ɗin sai ƙofa guda. Taɓa wannan ne ke kulle mutum waje.

Ummu_Hanif: Ku bar wannan tukuna. Bazazzage, tun ran Asabar nake tambaya ba ka amsa ba: ka danna Save Config a suwic ɗin?

Bazazzage_IT: Innalillahi. Ina bakin get zan hau mashin, bari in koma.